Gwaggo 'Yardada da ofishin jakadancin da ta jira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da ƙarfe goma da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran Gwaggo 'Yardada, yayar mahaifina, a ɗakinta da ke Soron Ɗinki. Likita ya ce hawan jini ne. A kan tabarma ta cika.

Gwaggo, ke kika yaye ni, ke kika raka ni makaranta ranar farko, gurasa ƙulle a bakin zanenki. Ban taɓa jin kin ambaci sunan Yaya Auwalu ba, domin ɗanki ne na fari. "Wannan yaron" kike cewa. Da ya tafi neman aikin ɗinki a wata ƙasa inda ba mu da jakada, aka daina jin ɗuriyarsa, dangi suka ce a yi masa sallar ga'ibi, kika ƙi. Kika ce yana kurkuku, tunda ba abin da zai hana shi nemanki sai ƙarfe. Tun daga nan kika bar hawa gado, wai ba kya kwana a katifa yana kwana a siminti.

Da rediyo ta ce za a buɗe ofishin jakadancinmu a can, ni kika tambaya.

"Ikram, ke da kika karanta wannan abin a jami'a, don me ake buɗe shi?"

Na jero miki kamar yadda aka koya mana: ciniki, riɗi da zoɓon da suke saya, neman goyon baya a tarukan duniya, sai kula da 'yan ƙasa.

"To, shi ke nan," kika ce, "saboda wannan yaron ne."

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarki, Salisu maƙwabci ya shigo da waya, yana ɗokin ba ki albishir. Bidiyon bikin buɗewa ne. Ga Yaya Auwalu a sahun gaba cikin shadda, an gabatar da shi a matsayin shugaban 'yan kasuwarmu na can, yana dariya, yana godiya da za a sauƙaƙa fitar da kaya. Kika ce a maimaita. Kika daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Ya yi ƙiba. Alhamdulillahi."

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba Baba da dukan dangi haƙuri.

Abin da na shaida kaɗai na rubuta. Ban san ko saƙon rasuwar ya isa ga Yaya Auwalu ba. An aika, ba amsa. Ban san ko kin yafe masa ba. Baba ya tambaye ki ranar Litinin, kika juya fuska bango. Kuma ban san abin da ya sa, bayan kin ga yana lafiya, kika sake shimfiɗa tabarmar ba.