Rigar Karnukan Yaya Manu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Manu, Allah ya jiƙansa. A Argungu muka binne shi, ba nisa da fadamar da ya ƙare rayuwarsa yana noman albasa da kiwon karnukan gadi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin a watan jiya saura ƙiris a harbe ɗan karyarsa a tsakar gidana, kuma ni na kai shi ga haka.

Wanda ya san Yaya Manu ya san rigarsa. Wata tsohuwar shuɗiyar riga ce da ke rataye a ƙusa cikin zaurensa, ita muke kira rigar karnuka. Da hantsi sai ya sa ta, ya zauna a ƙasa, karnukan su kewaye shi. Ya bi jikinsu da yatsu yana cire kaska, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya leƙa kunne, ya rage farce. Ranar wanka ya kai su bakin gulbi da sabulun salo. In ya gama ya tuɓe rigar ya mayar ƙusa, ya wanke jikinsa, ya sa tufafin salla. Kuma duk kwikwiyon da ya fara ƙwari, sai ya ja shi ya zagaya iyakar gona, ya tsaya wurin kowane maƙwabci ya ce ya ba shi loma da hannunsa. Ya ce in kare bai san mutanen da ya kamata ya ƙyale ba, kowa zai ɗauka ɓarawo. Tun daga Augie har Ambursa manoma ke zuwa neman 'ya'yan karyarsa Kyalla.

Ni kuwa kunyar abin nake ji. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da na samu shagon kayan injin ban ruwa a Birnin Kebbi, na kama gida a Gwadangaji, sai na fara jin kaina. Ba abin da ke ɓata mini rai kamar a ce da ni ƙanin Manu mai karnuka. In na je gida na tarar da shi cikin rigar, daga nesa nake gaishe shi, hannuna a aljihu. Ya lura, amma bai taɓa yin fushi ba. Sai dai ya yi dariya ya ce, "Tsaya can, Sahabi, kar in ɓata ma shadda."

Da ya rasu Kyalla na shayarwa. Matarsa, Yaya Hajara, ta raba 'ya'yan, ni na ɗauki wani baƙi muka sa masa Duna, don a lokacin ana yawan haura katanga a unguwarmu. Maƙwabta suka ba ni shawarar in kira wani Nasiru, wanda ya karanci lafiyar dabbobi, yana bin gidajen Badariya yana yi wa karnuka wanka da allura da horo. Na ce Allah ya kiyaye. Ni da na tashi gida ɗaya da Manu, wa zai koya mini kare? Na manta cewa duk abin da na gani daga nesa na gan shi.

Sai na bi maganar majalisa. Aka ce in kana son kare ya yi zafi, ɓoye shi kada ya ga mutane, ka riƙa sa masa barkono a abinci. Na ɗaure Duna da sarƙa a bayan gida. Wanka, daga nesa nake watsa masa bokiti. Da kaska ta kama shi, na ɗaura tsumma a bakin gora na dangwalo baƙin mai na shafe shi. Abinci da ƙafa nake tura masa. Duk don kada ya taɓa mini tufafi ya ɓata mini tsarki. Shekara huɗu hannuna bai sauka a jikinsa ba, in kuwa ya yi haushi har unguwa ta amsa, sai in ji daɗi in ce horona ya yi kyau.

Nakan tambayi kaina me Yaya Manu zai ce da ya ga garin nan yau. Manyan karnukan Turai a keji bayan dogayen katangu, masu su suna kallon waya suna koyon yadda ake ce wa kare zauna. Wataƙila zai yi dariya. Amma ba na jin zai raina irin su Nasiru. Na sha ganinsa ya yi jugum a kan karen da cuta ta kashe masa bai san maganinta ba. Na tabbata da zama zai yi kusa da Nasiru ya yi ta tambaya a kan allura. Wanda ba zai gane ba ni ne, da na ƙi hanyarsa na kuma ƙi ta mai ilimin.

Abin ya faru da hantsi. Malam Idi mai ruwa, dattijon da ya daɗe yana turo mana kura, ya shigo da jarkoki kamar kullum. Ashe zoben sarƙar ya ci tsatsa. Duna ya fizge, ya kama shi a sha-raɓa. Kafin in fito jini ya jiƙa masa wando. Muka kai shi asibiti, da aka tambaye ni ko an taɓa yi wa karen rigakafin hauka, na ce ba a taɓa ba. Aka fara yi wa Malam Idi allurai.

Unguwa ta taru a ƙofar gidana. Wasu na cewa a kashe shi nan take. Mai unguwa ya yanke cewa a kulle shi tukuna a ga ko haukan zai bayyana, sannan Nasiru ya duba shi a gaban shaidu. In ba a samu mai riƙe shi ba, 'yan banga su harbe shi. Nasiru ya zo ya tsaya daga nesa ya kalli karen, ya ce in riƙe masa kansa ya sa takunkumi. Da ya ga ban motsa ba, ya gane. Ya ce shi zai iya wanka da allura da koyarwa, amma da yamma gida zai tafi, ni ne zan kwana da karen. In bai yarda da hannuna ba, aikinsa banza ne. Ya nuna mini yadda zan riƙa matsowa a hankali kafin ranar da aka sa ta dubawa.

Na tafi Argungu neman wanda zai karɓe shi cikin abokan Yaya. Ba wanda ya yarda da karen da ya ciji mutum. Yaya Hajara ta saurare ni har na gama, ta shiga ɗaki, ta fito da shuɗiyar rigar a ninke. Ta ce, "Tun randa ka ɗauki ɗan karen ga nike jiran ka tambaye ta."

Na dawo na riƙa sa rigar ina zama kusa da Duna da busasshen kifi a hannu, kullum in ƙara matsowa. Yana karɓa, amma in na ɗaga hannu sai ya yage baki. Har ranar ta zo ban taɓa shi ba.

Tsakar gidan ya cika, wasu a kan katanga. Ɗan banga na tsaye da bindigar toka. Malam Idi ya zo yana ɗingishi, aka ba shi kujera. Na durƙusa gaban Duna. Ya yi gurnani, haƙoransa a waje, idonsa a kan hannuna. Na ji ɗan bangan ya gyara tsayuwa a bayana. Nasiru ya ce a hankali, "Baba, kar ka janye." Na yi bisimilla na ɗora hannu a wuyansa. Ƙarƙashin gashin da baƙin mai ya dunƙule na ji kaska jere kamar wake, na ji gyambon da sarƙa ta yi masa. Jikinsa na kyarma fiye da nawa. Gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har Nasiru ya zura takunkumin.

Ya duba shi tsaf ya ce babu alamar hauka, ya yi masa allura, muka wanke shi tare. Na ce masa ko ƙamshin Yaya ya ji a rigar. Ya girgiza kai ya ce rigar ta sha wanki, kare bai san ta ba, ni dai ta taimaka wa.

Mai unguwa ya ce magana ta rage ga wanda aka ciza. Malam Idi ya kalli ƙafarsa. Sannan ya ce, "A bar shi. Amma a kawo shi ya san ni, don gobe ma ni ka kawo ruwa gidan ga." Bai taɓa ganin Yaya Manu ba, amma abin da Yaya zai ce ke nan.

Ban ce komai ya gyaru ba. Nasiru na zuwa duk mako, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa da wuya Duna ya shiga mutane ba takunkumi har ƙarshen ransa. Wasu maƙwabta in sun hango mu rufe ƙofa suke yi, ban ga laifinsu ba. Malam Idi har yanzu tabon na nan.

Gonar Yaya an raba, Kyalla ta mutu, rumfar albasarsa ruwa ya cinye. Abin da ya rage shi ne ƙusar da na kafa a zaurena da rigar da ke jikinta, da zagayen da nake yi da hantsi gida gida ina roƙon mutane su ba kare loma. Shekaranjiya a kasuwa wani tsoho daga Augie ya ƙwala mini kira, "Ƙanin Manu mai karnuka!" Na juya cikin jama'a na amsa da ƙarfi. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya yafe mini hannun da na hana ka.