Kwanon Surukar Lufeyo

Lufeyo Nkhoma mai gyaran keke ne a wani ƙauye bayan Dedza, a Malawi, kuma kamar kowane magidanci a wajen, a gidan matarsa, Esinati, yake zaune. Gonar ta Esinati ce, ɗakin nata ne, 'ya'yansu mata uku na danginta ne. Nasa na kansa famfon keke ne da wata tsohuwar jita da kawunsa ya zo da ita daga aikin haƙar zinariya.

Jitar nan ta sha duniya. Cikinta ya tsage, muryarta ta dushe, in ya kaɗa ta a wajen biki sai ka sa kunne. Wani direba ya ba shi labarin jitar da ake dasa wa faranti a ciki, ƙararta har ƙetaren rafi. Shi ke nan, Lufeyo ya hana kansa sukuni. Ya yanke wa jitarsa ciki da zarto, ya bi murafan tukwanen gidan yana ƙwanƙwasawa, duk ba amo. Ɗaya ne ya amsa da rai: kwanon da Gogo Nachisale, surukarsa, take cin nsima, tuwon masararsu, a ciki tun tana amarya.

Ya ɗauka, ya huhhuda shi da ƙusa, ya ɗaure a cikin jitar, ya ɗora tsirkiyoyi a kai. Kai! Da ya kaɗa, awaki suka watse.

Abin da ya manta, don zumuɗi, shi ne ba a huda kwanon mai rai. Sai mutum ya mutu ake huda kwanonsa a kifa a kan kabari.

Gogo ta leƙo ta gani. Suruka ba ta magana da mijin 'yarta kai tsaye, don haka ta juya baya ta ce wa kajinta, "Ashe na mutu. Ba wanda ya gaya mini."

Aka kira Kawu Binwelo, yayan Esinati, wanda alhakin gidan ke wuyansa, wanda kuma bai taɓa ƙaunar Lufeyo ba. Ya ce, "Ka ɗaure tabarmarka, mai keke. Mun kawo ka noma, ka ɓige da binne mana uwa."

Lufeyo ya gane nufinsa. In ya tafi, shi kaɗai zai tafi, yaran ba za su bi shi ba. Ya dube su a bakin rumbu, ya ji kamar ya haɗiye jitar.

Sai Gogo ta sake yi wa kaji magana. "Kwano dai ya hudu, na kabarina ne. Ina so in riƙa ganinsa kullum. Inda kwano yake, nan mai riƙe da shi zai zauna. Ranar da na tafi ya kwance ya kai mini."

Dole Binwelo ya haƙura, Lufeyo ya ci gaba da zama.

Daga ranar, ba a taɓa ganin surukin da ya kula da lafiyar tsohuwa kamar Lufeyo ba. Tari ɗaya za ta yi, ya goya ta a keke sai asibiti, ita tana kallon gabas shi yana kallon yamma. Ya rufa mata ɗaki da sabuwar ciyawa, ya hana ta zuwa rafi. Ita kuwa ta ƙi mutuwa, har yaran suka girma, har babbar, Tadala, ta yi aure ta kawo nata mijin gidan. Jitar kuma ta ci bukukuwa har garin Ntcheu.

Da Gogo ta rasu, Lufeyo ya kaɗa mata jita a bakin kabari, sannan ya kwance kwanon ya kifa. Ya koma gida, ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya zauna a tsakar gida da jita mai rami a ciki, yana jiran Binwelo.

Binwelo ya iso yana gyaran murya. Kafin ya ce uffan, Tadala ta fito ta sunkuci tabarmar.

Ta ce, "Kawu, an kai maka ruwa can gindin mangwaro. Baba, taso, nsima na hucewa."

Lufeyo ya bi bayanta yana kuka wiwi. Mutane suka ɗauka kukan tsohuwa yake yi. Rabinsa dai nata ne.