Ƙugiyar Kaka Mai Gashin Zabo

Shekaranjiya aka yi ruwan fari, da gari ya waye na tarar da fukafukan shinge, ƙwarin nan na farkon damina, zube a ƙofar ɗakina. Na duƙa da ƙyar na ɗauki guda ɗaya na ɗora a tafin hannu, na daɗe ina kallonsa, har mutanen gidan suka fara satar kallona. Na san abin da suke cewa a ransu, wai tsohon ya fara ruɗewa. Ban ga laifinsu ba, don ba su san kakana ba, ba su kuma san abin da na yi masa ba. Kai da kake karanta wannan bari in gaya maka, na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Garin Lafiya da na tashi a cikinsa ba irin na yanzu ba ne. Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ba a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ba tukuna, kuma da wuri ake sayen gishiri a kasuwa. Mu asalinmu daga Barno ne, amma mun daɗe a nan har ba wanda ya san hanyar komawa. Kakana na wajen uba aikin riga yake yi. Tun da safe zai zauna a zaure a kan buzu, riga a cinya, allura a hannu, zauren yana warin shuni da tsohon zare. Mutum ne marar yawan magana, in ban da ni da yake tsokana yana kirana abokinsa.

Abu ɗaya ne yake tashinsa daga kan buzun nan, shi ne rafin da ke hanyar Kwandere. Kada ka ɗauka masunci ne. Masunta suna da taru da gora, suna kamawa su sayar. Shi kuwa ko ya kama, uku ne ko huɗu, wani lokaci ma ya cire ya mayar cikin ruwa. Abin da yake so shi ne ya ruɗi kifi da aikin hannunsa. Zai ba maƙeri tsohuwar allura ya lanƙwasa masa ita ta zama ƙugiya, ya samo gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, ya ɗaure shi a jikin ƙugiyar da guntun zaren da ya rage daga wuyan riga, har abin ya fito sak shinge. Igiyarsa izgar doki ce da ya tufka da kansa, sandarsa gora ce siririya. Ba ya sa tana, ba ya sa tuwo, ba ya sa komai da kifi zai ci.

Farkon damina ne lokacinsa, sa'ad da shinge ke tashi suna faɗawa ruwa, kawara tana tasowa sama tana cafke su. Bayan azahar sai mu kama hanya, ni da goran ruwa, shi da sanda a kafaɗa. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya, ciyawa ta fara tsirowa, kwaɗi suna ta surutu. Idan mun isa sai ya tsaya a ƙarƙashin wata gawasa, ya kaɗa sandar baya ya kaɗo ta gaba, gashin ya sauka a kan ruwa a hankali, ba ko motsi. Daga nan sai jira. Ni dai a lokacin ban ga daɗin abin ba. Ƙafata tana tsami, ƙudan tsando yana cizona, yunwa tana cina, shi kuwa fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir.

Mutanen gari dariya suke yi masa. Dattijo mai sana'a, ɗan gidan mutunci, ya riƙa tsayawa bakin rafi yana jefa wa kifi gashin tsuntsu. Matan ƙauye da ke zuwa wanke kalwa a can ƙasa da mu sun saba da shi, suna yi masa ba'a da irin Hausarsu. Akwai wata mai faɗin murya da kullum sai ta ce, "Baba tsoho, kifi bai cin gashin kaza. Sa masa tana, ka huta." Kaka sai ya yi murmushi, ya gaishe ta, ya sake jefa igiyarsa.

Ina da kamar shekara tara yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ni nake sa masa zare a allura, daga baya ya ajiye aikin rigar gaba ɗaya. Amma ƙugiya bai daina ɗaurawa ba, da lalube yake yi, yatsunsa sun san hanya. A rafi kuwa na zama idonsa. Ni nake gaya masa inda kifi ya taso, ni nake ware masa igiya idan ta sarƙe, ni nake miƙa masa ita ya jefa. Sai dai kifin ya daina zuwa. Ko gashin ne ba ya ɗauruwa daidai, ko hannun ne ya yi nauyi, ban sani ba. Muka yi kwana da kwanaki muna dawowa hannu wofi, har wata rana santsi ya kwashe shi a gaɓa, ya dawo gida da taɓo har ƙugu.

Ranar babana ya zo zaure ya durƙusa. Ina bayan ƙofa ina jin su.

"Baba, ka yi haƙuri ka bar zuwa rafin nan," in ji babana. "Mutane suna cewa na kasa ciyar da kai. In kifi kake so, kullum zan aiko a sayo."

"Na taɓa ce maka ina jin yunwa?"

"Ba ka ce ba, Baba. Amma idon ya tafi, kuma ba ka kama komai."

Kaka ya ce, "Ranar da na tabbata hannuna ya daina ruɗin kifi, ni da kaina zan ajiye sandar. Kafin nan ka ƙyale ni."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ga idan aka ci gaba a haka za a raba shi da rafin, kuma na san in an raba shi da rafin ba abin da ya saura masa sai buzu. Ba zan yi maka ƙarya in ce tausayi kaɗai ne ba. Na kuma gaji da zaman banza, na gaji da dariyar matan kalwa, ina so ko sau ɗaya mu shiga gari da kifi a hannu.

Washegari na tono tana a bayan rumbu na ƙulle a gefen bantena. Da muka isa, ya jefa sau biyu, sai na ce masa igiyar ta sarƙe. Na karɓa na soka guntun tana a bakin ƙugiyar, a ƙarƙashin gashin, na saki. Ba a daɗe ba sandar ta lanƙwashe. Wata ƴar karfasa ce, ba ta fi tafin hannuna ba. Na yi maza na cire ta da kaina kafin ya taɓa. Ban taɓa jin kakana ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya riƙe kifin da hannu biyu yana shafa shi, yana cewa, "Abokina, ka gani? Hannun yana nan."

Kwana shida muna haka. Kullum sai ya sa a kai kifin cikin gida a gaban babana. Ya koma cin tuwonsa sosai. Ya sa na samo masa sabon gashin zabo ya ɗaura ƙugiya har uku. Yanzu da na tsufa ina tambayar kaina yadda aka yi bai gane ba, mutumin da ya san ƙarar kawara idan ta cafki abu a saman ruwa, alhali ita tanar nutsar da ƙugiya take yi. Wataƙila ya ji shirun, amma yana so ya yarda.

Rana ta bakwai sandar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Abin yana ja ƙasa, yana ja ƙasa. Da ƙyar muka fito da shi gaɓa, sai ga tarwaɗa baƙa mai kauri. Murna ta ɗauke mini hankali, ina tsalle, na manta ban riga shi kai hannu ba. Ya tsuguna ya laluba. Ya shafa jikinta mai santsi, ya taɓa gashin bakinta, sannan ya bi igiyar da yatsa har cikin bakin ya zare ƙugiyar. Ya murza ta, ya kai hanci.

"Tun ina saurayi nake jefa gashi a ruwan nan," ya ce, "tarwaɗa ba ta taɓa tasowa ta ci ba."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar karfasa, Kaka."

Na ɗauka zai doke ni, da ya doke ni ɗin ma da ya fi mini. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce in kai wa mai faɗin muryar nan tarwaɗar, tun da shawararta ce ta kama. Ya naɗe igiyarsa a hankali, ya dafa kafaɗata, muka kama hanya. 

Bayan magariba ya kira babana zaure ya miƙa masa sandar. "Ka yi gaskiya," ya ce, "idon ya tafi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai tona ni ba, har ya koma ga Allah babana bai san maganar tana ba. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba, na rantse masa ba zan sake ba. Sai ya shafa kaina ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin. Amma makaho da idon wani yake kamun kifi, in ya daina yarda da idon, ko ya kama ba zai san wane ne ya kama ba. Damina huɗu ya ƙara a duniya, duk a kan buzu ya yi su.

Da na girma na karɓi sandar a wajen babana. Na yi noma, na yi fatauci har Obi da gaba, na yi ƴaƴa na aurar, amma ba daminar da ta wuce ban je rafin ba, kuma ban sake taɓa tana ba. A can na gane abin da yake ji, lokacin da gashin ya sauka a kan ruwa, duniya ta yi shiru, ba ka bin kowa ba wanda ke binka. Sau da yawa nakan dawo hannu wofi, ban kuma taɓa jin na yi asara ba.

Yanzu rafin ya ƙanƙance, gonaki sun cinye gaɓarsa, an sare gawasar tuntuni. Samari suna zuba maganin feshi a ruwan su kwashe kifi manya da ƙanana a wuni ɗaya. Gwiwoyina ba sa son hanyar, tafiyar da nake yi a guje yanzu sai na zauna sau uku. Idona ma ya fara hazo. Babban ɗana yana sayo kifin ƙanƙara yana cewa in huta, in kuma dole sai na je, to in tafi da ɗaya daga cikin yaran ya riƙe mini hannu. Yaran suna so, har rigima suke yi a kan wanda zai bi ni. Ba na zuwa da kowa a cikinsu. Suna ƙaunata, kuma na san abin da yaron da ke ƙaunar kakansa zai iya yi masa.