Guryar da Ta Ƙi Tsira

Duk abin da zan manta na zamana a Dogarawa, ba zan manta da damanar da na yi rigima da auduga ba, wadda mu can muke kira kaɗa. Na gama lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni ban samu aiki ba, sai na koma gidan kakannina ina kula da wata ƴar garka a bayan ɗaki: kuɓewa, yakuwa, tattasai. Ina ji da garkar nan ba kaɗan ba. Duk abin da na sa a ƙasa sai ya fito, kuma ba na barin kowa ya manta da haka.

Wata rana kakata, wadda muke ce wa Inna, ta kira ni ɗakinta. Idonta ya fara hazo a lokacin. Ta ce tana so ta kaɗa zaren likkafaninta da hannunta kamar yadda uwarta ta yi, kuma da kaɗar gida take so, ba ta kasuwa ba. "Ki shuka min ko gindi goma ne, tun ina ganin zare," ta ce. Tana faɗa tana dariya, sai na ce an gama.

Na sayo gurya, wato irin auduga, a kasuwar Badaguishiri, na ajiye a ƙwarya ƙarƙashin rumbu, da aka yi ruwa na shuka. Shiru. Na ɗora wa kaji laifi, na yi musu shinge, na sake sayowa na sake shukawa. Nan ma ko ganye ɗaya bai leƙo ba, alhali kuɓewar da ke gefe sai tashi take yi kamar tana min dariya. Raina ya ɓaci sosai. Damana tana tafiya, in ta wuce sai baɗi, kuma ba ni da tabbacin idon Inna zai jira baɗi.

Karo na uku wata maƙwabciya ta ba ni iri daga gonar mijinta, na ajiye inda na saba. Washegari igiyar gugana ta tsinke, na dawo daga rijiya da wuri. Ina zagayowa bayan rumbu sai ga kakana a tsugune da butar shayinsa, yana tsiyaya tafasasshen ruwa a kan guryata, hankali kwance. Ashe haka yake yi, ya shanya ta bushe, ya mayar min cikin ƙwarya.

Tsakanina da shi akwai wasan jika da kaka, amma ranar ban ga abin wasa ba. "Tsoho! Mi kaka yi haka?"

Ko kunya bai ji ba. "Amarya, abin da munka yi ma kumandan nika yi miki."

Ya sa na zauna dole. Ya ce yana saurayi, zamanin Faransa, gardi, wato dogarin kumandan, Baturen mulki, yakan zo da buhun gurya, ya auna gonar da ta fi kyau a kowane gida, ya ce nan kaɗa za a shuka, ba hatsi ba. In ta yi, a ɗora a ka a kai inda aka ce, a karɓi abin da aka ba ka. Wata shekara rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara, ga kaɗa jibge a tsakar gida. "Kina iya tuƙa tuwo da ita?" ya tambaye ni. Daga nan tsofaffin gari suka koya musu dafa irin kafin a shuka. Gardi ya zo ya ga gona fayau, su kuma su ɗaga hannu su ce ƙasar ce ba ta so. Ya ce tun daga ranar bai yarda abin nan ya tsira inda yake kwana ba. Ya ɗauka noman sayarwa nake shirin farawa.

Inna ta ji hayaniyarmu ta fito tana lalube. Ta ce, "Malam, ni nas sa ta. Likkahwanina nika son kaɗawa."

Tsohon nan ya ajiye butarsa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Can ya tashi ya ɗaure wa jakinsa akumari, bai dawo ba sai la'asar, da gurya ƙulle a bakin rawaninsa. Shi ya sare ramukan, shi ya binne, bai bar ni na taɓa ba. Da ta tsira sai ya mayar da tabarmarsa bakin garkar, yana korar awaki yana yi wa Inna ba'a wai tana gaggawar barinsa.

Ta yi fure rawaya, ta yi ƙwallo, ta fashe fari tas. Inna ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazarinta duk rani, ni ina gefe ina koyo ina tsinka zare tana zagina. Masaƙi ya saƙa, ta naɗe ta sa a ƙasan adaka, hankalinta ya kwanta. Ban ga lokacin da gidan nan ya yi daɗi kamar wannan rani ba.

Allah da ikonsa, shi ya riga ta. Da masu wanka suka nemi a aika kasuwa a sayo likkafani, Inna ta buɗe adaka ta miƙa musu nata. "Shi yash shuka ta da son rainai, ku sa mishi." Bayan sadakar bakwai ta ce in nemo gurya. Lokacin idonta ya tafi, don haka nata ni na kaɗa, tana shafa zaren tana cewa ya yi kauri.

Abin da na koya shi ne, in ka ga babba ya kafe a kan ƙin wani abu, ka zauna ka ji abin da aka yi masa kafin ka ce taurin kai ne. Kakana bai taɓa ƙin kaɗa ba. Tilas ya ƙi, kuma ranar da ya ji don wadda yake so ne, da ƙafarsa ya je ya nemo irin.