Katunan Kuraye Sun Cika

Jiya a Arawa ɗan acaɓa ya miƙo min ambulan, ciki har da katin kura na ƙarshe da nake nema. Shekara biyu ina haɗa katunan wasan dabbobi, masu araha kawai, don na dodanni sun fi ƙarfin aljihuna.

Na jera su a tabarma, na tura wa Yaya Sadiƙu hoto. Shi ya koya min wasan kafin aiki ya kai shi Fatakwal.

Ya kira ni. "Sun yi kyau, ƙanena. Kada ka fara bugawa da kowa, ina nan tafe da Sallah."

Na ce, "To, Yaya."

Sallah uku ke nan yana faɗin haka. Na dai mayar da su kwali na ajiye.

Ku fa, wa kuke jira ya dawo gida?