Motar da Ba Ta Sallama

Shekarar da na yi ritaya daga aikin duba makarantu, abu biyu ne suka tsaya mini a rai: mota, da Inna. Da kunya nake faɗa, amma a jerin da suka zo ke nan.

Inna mahaifiyata ce, tana zaune a Dutsi, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ƙanwata da ke aure a Mashi ta daɗe tana matsa mini in dawo da ita Daura, wai ƙafafunta sun gaza. Ita kuma Inna ta ce ba inda za ta, a ɗakinta za ta jira ranarta. Ni ne alƙali, kuma hukuncina kullum ɗaya ne. Duk Asabar nakan je, in same ta zaune tsaf a kan tabarma, ta yi lulluɓi, carbi a hannu, ga fura a gefe an rufe da faifai. In na dawo sai in kira ƙanwata in ce, "Ke dai akwai ƙara gishiri. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗo wa malamai aji ba zato, shi za a ɓoye wa abu?"

Tsohuwar motata kuwa ta kai matsayin da bakanike kan yi bismilla sau biyu kafin ya taɓa ta. Salansarta ta daɗe da fashewa, in ta taso sai ka ce injin niƙa ne ya samu tayoyi. Na rabu da ita na sayi doguwa, irin wadda ake ce wa wagon, mai aiki da fetur da batir, wato haibirid. Littafinta na karanta daga bango zuwa bango, ina ja wa layuka jan biro kamar zan ba marubucin maki.

Da yake mai ilmi ba ya iya shiru, sai na mai da majalisarmu ta bayan La'asar aji. Na yi musu bayanin yadda in ka taka birki ƙarfin da zai salwanta yake komawa cikin batir. Wani abokinmu mai fataucin awaki ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, ka yi ta taka birki mana daga nan har Kongolam, ka huta da gidan mai."

Bakanikena ma da na kai masa ita don su saba, ya ɗaga murfin inji, ya ga wayoyi masu ruwan lemo, ya mayar a hankali. "Yallaɓai, wannan ba layina ba ne. Gwada masu gyaran waya."

Babban halinta shi ne shiru. In tana tafiya a hankali, injin kan kashe kansa, batir ya ja ta. Tumaki ba sa kauce mata, don ba su ga dalili ba. Sau biyu ina tsaye a mararraba 'yan acaɓa suka ji ta yi tsit, suka sauko suka dafa bayanta, "Sa giya, Baba, sa giya!" Karon farko na tsaya yi musu lacca. Karo na biyu na bari suka tura, na ɗaga hannu na yi godiya, ya fi sauri.

Asabar ta farko da na kai ta Dutsi, damina ce, maza duk suna gona, ƙofar gida ba kowa. Na sulalo har bakin zaure. Ina ta shirya yadda zan nuna wa Inna ita, na yi sallama ɗaya irin ta ɗan gida, na sa kai.

Inna tana tsakar gida, a ƙasa. Ba tabarma, ba lulluɓi. Ta dafa hannu biyu tana jan jiki zuwa wajen randa, buta rataye a wuyan hannunta. A kan rairayin da ruwa ya jiƙa ana ganin sawun da ta ja tun daga ƙofar ɗaki.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, ko ciwon kai ba ta taɓa ce mini tana yi ba. Ta ɗago ta gan ni, na gan ta. Abin da ilmina ya ba ni a lokacin shi ne in shafa aljihu in ce, "Af, na bar makulli a mota." Motar da ba ta da ramin makulli. Na koma zaure na tsaya ina kallon bango.

Can sai ga maƙwabciyarta, dattijuwar da takan yi mata girki, ta shigo da sauri tana gyara mayafi. "Malam, yau da ƙafa ka zo? Ba mu ji ka ba!"

Ita ta warware mini. Da tsohuwar motata ta sauko daga titi suke jin ta. Kafin in iso, in gama gaisawa da mutanen ƙofar gida, ita maƙwabciyar ta tsallako ta ɗaga Inna, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Tun bara ake wannan aikin. Ashe duk Asabar ni nake aiko da sanarwar zuwana, sannan in koma gida in rubuta rahoto cewa komai lafiya.

Da aka kimtsa ta na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa bango, kamar kullum. Sannan ta ce wa maƙwabciyar, "Tambayi wannan, ina ya samo abin da ke shigo wa mutane ba sallama?"

Na ce, "A ce wa Inna na yi laifi. Amma yau ba zan koma ni kaɗai ba. Likita kawai za a gani."

Ta daɗe tana jan carbi. "Ce masa ba za a ɗauke ni kamar buhun gero unguwa tana kallo ba."

"Inna, ba wanda ya san na zo."

Wannan ta auna shi. Ta sa aka leƙa waje, aka ce mata ko kaza ba ta motsa ba. Ta ce, "Kwana biyu. Ce masa kwana biyu."

Na kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa katifarta, ta shiga cif. Na ja motar da baya har ƙofarta ta kusa taɓa zaure. Inna ta sa aka kulle ɗakinta a gabanta, ta ɗaure makullin a bakin zane, ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka kama tabarmar, ni a gefe, maƙwabciya a gefe. Na tattaro ƙarfi kamar zan ɗaga kaya, sai na kusa faɗuwa baya. Ba ta da nauyin komai.

Kafin a kira Azahar mun bar Dutsi. A hanya na kira ƙanwata na ce mata mun taho, a bar maganar a nan. Ba ta bar ta a nan ba, ta yi ta har muka shigo gari, ni kuwa ina cewa haka ne.

Inna tana ɗakin da ke kusa da nawa yanzu, an yi damina biyu. Likita ya ce ƙafafun ba za su dawo ba. In baƙi suka zo gaishe ta, takan ce musu ta zo ganin likita ne, jibi za ta koma.