Ubale Mai Naman Leda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, ashirin ga Zulhajji 1429, Allah ya karɓi ran Alhaji Ubale mai nama a gidansa da ke unguwar Bani Malik a Jidda, bayan gajeriyar jinya. Ya bar matarsa Hajiya Turai da 'yarsa Zakiya.

Ubale, ka zo Jidda daga Tasawa da sana'ar kilishi, ka tarar garin bakin teku ne, iskarsa a jiƙe take. In ka shanya nama, kafin ya bushe ya yi fumfuna. Dole ta kai ka kicin ɗin wani kamfanin Turawa. A can ka ga yadda ake murza wa nama gishiri da sukari, a sa a leda, inji ya zuƙe iskar, a ajiye a firji ana juyawa, daga baya a kyafe shi. Da ka bar aikin ka sayi injin, ka riƙa yi da ƙirjin bijimin sa, da citta da masoro da kanumfari.

Naman yakan fito jajir, da layin farin kitse a tsakani. Mu kuwa kilishi muka sani, mai duhu. Wani ya ce irin wannan ya taɓa gani a hoton naman alade, wani ya tuna inda ka yi aiki, shi ke nan aka ce alade kake sayarwa. Ba wanda ya je mayanka ya duba. Larabawa da Sudanawa suna saye, mutanenka suna kau da kai.

Gaskiya kai ma ba ka da sauƙi. In an tambaye ka, sai ka ce, "Wanda ba ya ci, ya matsa wa mai jin yunwa." Amma lokacin da Othman ɗan Cadi ya karye a wurin gini, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya yi watsi da shi, kwanonka ne ke zuwa masa kullum har ya taka. Duk wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama, za a mayar gida, sai ka aika masa leda biyu ya yi guzuri. Waɗannan ba su taɓa tambayar launin naman ba.

Abin da ya sa ni rubutun nan shi ne abin da na gani ranar sadakar uku. Hajiya Turai ta aiko faranti na shinkafa da naman ƙarshe da ka haɗa da hannunka. Dattawanmu, waɗanda gama yi maka addu'arsu ke nan, suka riƙa ture naman gefe da ɗan yatsa. Zakiya tana bakin ƙofa tana kallo. Ta kira ni ta ce, "Baba Isha'aku, har yanzu? Wallah naman sa ne, bijimi. Tare muke zuwa mayanka da shi. Yalla, ku faɗa musu mana."

Na daɗe a ƙasar nan, an kira ni da sunaye iri-iri a titi, na haɗiye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don wannan karon mu muka yi wa kanmu. Na jawo farantin gabana na cinye naman, na kuma tattara wanda suka ture.

Jama'a, injin yana nan, kuma da shi Hajiya Turai za ta ci abinci. Ranar Juma'a za ku same ni a ƙofar masallaci da ledojinta. Wanda ke da tambaya ya yi mini ita a fuskata.

Allah ya jiƙanka, Ubale, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Hajiya Turai da Zakiya haƙuri. Mu kuma, Allah ya yafe mana zaton da muka yi maka.